Ƙullin Aduwar Mahaifiyata

Shekarun baya, a shekarar babban farin nan na zamanin mulkin soja, ina mushe a wata lakwal, wato makaranta, ta Tasawa. Ga waɗanda ba 'yan wajenmu ba a cikinku, mushe shi ne malamin makarantar boko. Lokacin ban cika shekara biyu da aure ba, ina da albashi, ina da agogon hannu da wando mai kari har guda uku, kuma a ganina duk abin da ba ya cikin littafi ƙauyanci ne. Abin da ya tuno mini da wannan zamani, makon jiya jikata mai karatun haɗa magunguna ta zo tana ba ni labarin yadda ake tatsar 'ya'yan itatuwan dajinmu ana gwada su a kan ciwon sukari. Ta ambaci goruba, ta ambaci tsamiya, da ta kai kan aduwa sai na ce ta tsaya haka nan. Ta ce, "Kaka, lafiya?" Na ce lafiya lau, gyara zama ki ji. Abin da na gaya mata shi zan gaya muku.

Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami. Mahaifiyata tana zaune ita da ƙanwarta a wani ƙauye arewa da Issawane, can cikin ƙasar Mayahi, inda yashi ya fi gona yawa. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda babu ragi. A hannun kakata na girma. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban kuma taɓa ganin ta dube ni ido cikin ido ba. In tana da magana da ni, sai ta gaya wa wanda ke kusa. In babu kowa, ta gaya wa akuya ko turmi. "A ce ma mutumen Tasawa hurarshi na nan cikin ɗaki," haka za ta ce wa akuya, ni kuma in tashi in ɗauko abina. Yaran yanzu za su yi dariya, amma mu a lokacin haka muka taso muka gani.

Shekara biyu kafin farin aka gano tana da ciwon sukari. Wanda ya gano shi abokina ne, majo, wato babban ma'aikacin jinya, a likitar Tasawa, asibitinmu ke nan. Kirista ne ɗan Korgom, tare muka yi lakwal tun muna yara. Ya rubuta mata wasu 'yan ƙwayoyi, ya yi mini dogon bayani a kan abin da za ta ci da wanda za ta bari. Ƙwayoyin na riƙe, duk wata ina ba wani direba ya kai mata. Bayanin kuwa ta kunnen dama ya shiga ya fita ta hagu, don ni a lokacin maganin da ya fito daga farmasi shi kaɗai ne magani. Ita kuma, ban da ƙwayar, tana da nata tsarin. Kullum za ta fasa ɓawon 'ya'yan aduwa uku ko huɗu ta jiƙa a ɗan ƙoƙo, da safe ta sha ruwan kafin ta ci komai. Na taɓa kurɓa sau ɗaya, ga ɗaci ga wani zaƙi-zaƙi mai kama maƙogwaro. Na tofar na ce lallai tsofaffi suna son wahalar da kansu.

Sai farin ya zo. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Shanun makiyaya suka dinga faɗuwa a bakin rijiya. Kullum hanyar Tasawa cike take da mutanen arewa, kaya a ka, suna yin kudu, ga Najeriya ta rufe iyaka. Soja ne ke tsaye a kan rabon jar dawar taimako, kuma ba a cika ɗaga murya a yi maganar yunwa ba, don ba ka san wanda ke zaune kusa da kai ba. Mu ma'aikata dai da sauƙi, muna da abin sayen shinkafa a butiki, wato kanti.

Wata rana lokacin hutun safe muna zaune ƙarƙashin itacen bedi mu malamai, sai wani abokin aikina da ya dawo daga Mayahi ya ce, "Mushe, na ratsa ta garinku. Na ga tsohuwarka cikin mata, sun dawo daga daji kowa da ƙwaryar anza bisa kai." Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma anza, in ba ku san ta ba, 'ya'yan wani ƙaramin itace ne da fari ba ya kashewa. Ɗacinta ya wuce misali, sai an kwana da kwanaki ana jiƙa ta ana zubar da ruwan kafin ta ciwu. Abincin shekarar yunwa ce, ba mai cin ta yana da hatsi a rumbu. Gaskiya zan gaya muku, ban tambaye shi ko lafiyarta lau ba. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne, yanzu duk malaman nan sun ji uwar mushe tana cin anza.

Ƙarshen makon na hau motar Mayahi, daga can na bi kamyo, babbar motar kaya, zuwa Issawane, sauran tafiyar na ƙarasa a amalanke. Na tarar da ita a tsakar gida tana daka. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, amma taɓaryar nan sai tashi take tana sauka, babu haki. Gefe guda ga manyan ƙore uku jere, anza na jiƙe a ciki. Na durƙusa na gaida ta, ta amsa wa turmi. Sai na juya wurin ƙanwarta, wadda nake kira Iya, na ce ta haɗa mata kaya, gobe za mu wuce Tasawa.

Iya ta ce, "To mi ya yi zahi haka? Yayata lahiyarta lau. Tun da munka koma ma anza da dubagira ko ƙishirwan nan nata ya ragu. Kullum da ita muke tahiya daji mu dawo, ni ce ma nake gajiya."

Na ce, "Iya, ina raye, ina aikin gwamnati, uwata na cin anza? Mi za a ce da ni?"

Mahaifiyata ta ajiye taɓarya, ta dubi akuyar da ta rage musu ta ce, "A ce mishi ni ban kai kuka wurin kowa ba." Sannan ta ƙara, "Amma tunda ya taso tun daga can, ba a mai da shi hannu banza." Shi ke nan maganarta. Da safe ta fito da akwatinta na ƙarfe da wani ɗan ƙulli a tsohon zane, ta hau amalanke, ta juya mini baya har Issawane.

A Tasawa na ɗaura ɗamarar rama mata duk abin da fari ya ci. Da safe shayi da madarar gwangwani da burodi. Da rana shinkafa, da yamma makaroni ko tuwon shinkafa. Matata, wadda ita ma kunyar suruka ta hana ta sakewa, na kafa mata doka cewa Inna ba ta daka, ba ta shara, ba ta zuwa rijiya. Matan abokan aikina suka dinga zuwa gaishe ta, kowace da kwalin sukari ko kwalbar lemo, don a garin babu wanda ke zuwa gaida tsohuwa hannu sake. Na san an ce kada ta sha sukari da yawa, amma na ce ai tana shan ƙwaya, ƙwayar me take yi? Duk abin da aka ajiye mata sai ta cinye, ta kife kwanon. Ni kuwa in leƙa in ga kwano a kife, in tafi lakwal ƙirjina a buɗe.

Wata safiya na fito zan tafi aiki na gan ta a bayan ɗaki tana shan wani abu a ƙoƙo, tana jin motsina ta sa zane ta rufe. Da ta zagaya bayan gida na shiga ɗakinta, na jawo ƙullin nan daga ƙarƙashin gado. Aduwa ce cike, da 'yar busasshiyar anza a wani tsumma. Raina ya ɓaci. Na ce wa matata, "Gidan mushe ne nan ko sansanin 'yan gudun yunwa? In baƙi sunka gani fa?" Ta ce, "Mushe, da ka bar mata abinta." Ban saurare ta ba, na kai ƙullin na zazzage wa tumakin maƙwabta. Da mahaifiyata ta dawo ta ga zanen a ninke bisa gado, sai na ji tana ce wa kazar matata, "To, Allah ya sa haka shi ya fi."

A cikin makon ne kuma na ƙara da takalmi. Za a yi suna a gidan daraktan lakwal ɗinmu, na ce ba za ta je da takalmin faɗe irin na ƙauye ba. Na sayo mata rufaffen takalmin roba mai sheƙi. Ban auna ƙafarta ba, ina ni ina taɓa ƙafar uwata? Da ido na kintata. Na ba matata ta kai mata, tare da saƙon cewa uwar mushe ba ta yawo ƙafa a ƙasa. Daga ranar, muddin ina gida, takalmin nan yana ƙafarta.

Wata uku ana haka. Ta yi ɗan kumari da farko, ina ta murna. Daga baya sai randa ta daina kai wa yamma da ruwa. Hanyar bayan gida ta zame mata hanyar kasuwa. In an yi sallama sai ta ƙanƙance ido kafin ta gane mai shigowa, ga yawan gyangyaɗi da rana tsaka. Na ce hutu ne da ba ta saba ba. Har rannan na dawo cin abincin rana, matata ta tare ni a zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Mushe, yau ko za ka kore ni sai na hwaɗa. Ƙahwar Inna ta ruɓe. Sati biyu ke nan ina wanke mata a ɓoye, ta ce in na gaya maka ba ni ba ita. Yau warin ya kai tsakar gida." Ban ko zauna ba, na juya sai likita.

Abokina majo ya zo da jakarsa a kan ɗan babur ɗinsa, mobilet. Shi babu kunya tsakaninsa da ita, har tsokanarta yake. Ya zauna a tabarma ya ce, "Inna, an ce kin zama 'yar birni har da takalmi mai walƙiya. Kawo in gani ko zai yi ma tawa tsohuwa." Ya zare takalmin a hankali. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga yadda fuskarsa ta canza. Ƙaramin yatsa da mabiyinsa sun yi baƙi, gefen ƙafar ya kumbura yana ruwa. Ya latsa ya ce, "Da zahi?" Ta ce, "Ko kaɗan. Shi ya sa ban san ya ci ni ba sai da na ga jini."

Ya tambaye ta abin da take ci a ƙauye, ta lissafa masa: anza da ɗan gishiri, dubagira, wato ganyen aduwa da ake dafawa, kunun dussa in an samu, da jiƙonta na safe. Ya tambayi abin da take ci a nan, shi ma ta faɗa masa. Ya ce, "Inna, ke da kin san jikinki, mi ya hana ki ce ba ki so?"

Ta dubi majo, ba ta dubi ƙofa ba, amma ta san ina nan. Ta ce, "Ɗana, yaro ya tashi ya ɗauko uwarshi don ya fidda ta kunya. In na ture kwanonshi, gari ya ce mi? A ce ya kawo ta ya kasa ci da ita. In na ce takalmin ya matse ni, na ce mishi bai iya saye ba ke nan. Kuma da wane baki zan hwaɗa mishi? Ni tun da na haihe shi ban taɓa ce mishi ci kanka ba." Tun da nake, ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka a kaina ba.

Majo ya wanke ciwon, ya yi mata allura, ya ja ni zaure. Ya ce, "Mon cher, zan gaya maka gaskiya. Sukarinta ya hau sosai. In bai sauka ba cikin sati biyu, ciwon nan zai haura, sai dai in rubuta muku takardar Maradi, kuma can ƙahwar za su yanke daga gwiwa." Na ce a ƙara mata ƙwaya mana. Ya ce, "Ƙwaya za a ƙara, allura kuma kullum. Amma murhu dutse uku gare shi. Can ƙauye tana da ƙwayata, tana da cimarta ta daji, tana da tahiyarta. Kai ka cire biyu, ka ɗora tukunya bisa dutse guda, ka kuma cika ta da sukari." Na ce, "Wai aduwar nan magani ce?" Ya ce, "Ban ce tana warkarwa ba, wannan ciwo ba ya warkewa, lallaɓa shi ake. Ni dai na ga tsofaffi da yawa da take yi ma daɗi, kuma ita ta yarda da abinta. Tun da ka zubar mata da aduwar, ta sa ma ranta ta ƙare. Ka nemo mata, mu haɗa da namu." Na tsaya ina kallon agogona kamar a nan amsar take. Garin neman gira ina shirin rasa ido.

Neman aduwa a shekarar ba wasa ba ne. Na je layin tsofaffin mata a kasuwar Tasawa, na wuce sau uku ina yi kamar goro nake nema kafin na iya buɗe baki. Suka ce ai mayunwata sun shanye ta tun tana ɗanya, itatuwan kuma an sassare wa dabbobi. Majo ya ce in tafi Korgom wurin mahaifinsa. Ya ara mini mobilet ɗinsa, na kama hanya ranar da babu lakwal, yashi na kayar da ni ina tashi.

Mahaifin nasa dattijo ne a 'yar majami'arsu ta ƙauye, manomi mai barkwanci. Yana da aduwa biyar a gonarsa, ya kewaye su da shingen ƙaya. Ya ce su suka riƙe gidansa a farin da ya wuce, don haka ko tumakinsa za su ƙare ba zai sa musu gatari ba. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni, ina zaton zai shiga rumbu ya auno mini. Sai ya dubi wandona mai kari, ya dubi takalmina, ya ce, "To Mushe, bismilla, ga su can." Na je na miƙa hannu zan tsinko ta sama. Ya ce, "A'a. Wadda ke bisa ba ta gama nuna ba. Mai kyau ita ce wadda ta hwaɗo da kanta. Aduwa ba ta ba mutum ɗiyanta a tsaye, sai ka duƙa mata."

Rassan sun sauko har ƙasa, kowane da ƙaya kamar tsinken saƙa. Na duƙa bai isa ba, na durƙusa bai isa ba, ƙarshe dai da rarrafe na shiga. Wando ya yage a gwiwa, riga ta kama a baya, tafin hannuna ya cika da ƙaya. Wasu mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya a bakin shinge, ɗaya ta ce, "Wancan ba mushen Tasawa ba ne?" Tsohon ya ce, "Shi ne. Yau shi anka sa aji." Suka kwashe da dariya. Abin mamaki, kunyar da ta kai ni har Issawane ban ji ɗigonta ba a ranar. Ƙafar nan kawai nake gani a idona, ina tsinta ina zubawa a buhu.

Matarsa, mahaifiyar majo, ta ƙara mini da ƙwaryar anza wadda ta riga ta wanke. A nan ma sai da boko ya motsa. Na ce mata, tunda ɗaci ne ke kashe zaƙi, me zai hana a ba Inna ruwan jiƙon farko, wanda ya fi ɗaci? Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Kai, wa ya ba ka ɗiyan mutane ka koyar? Ruwan farko ko akuya ba a bari ta sa baki. Ka kawo ta gari ka ci mata ƙahwa, yanzu kuma hanjin kake so? Ka ba ta yadda ta saba, kada ka ƙara dabararka ko guda." Na ce to, Inna. Na so in ba su wani abu, tsohon ya ce in na kuskura zai karɓe buhunsa. Ya ce za su sa ta cikin addu'a ran Lahadi, mu ma mu yi tamu.

Da la'asar na iso gida. Mahaifiyata tana zaune a tabarma a inuwar ɗaki, ƙafa a naɗe. Na ajiye buhun a gabanta na koma gefe na tsuguna. Ta kwance bakin, ta ɗauki ɗaya, ta fasa ɓawon da babban yatsa, ta sa a baki. Ta daɗe tana tsotsa ido a rufe. Da ta buɗe, sai idonta ya sauka a kan hannuwana. Ta ce wa matata, "Miƙo min allura. Ki ce mishi ya aje hannun nan bisa tabarma." Na ajiye, na kau da kai wajen bango. Sai na ji ta kama hannuna. Tun da na yi wayo, wannan ne karo na farko da fatarta ta taɓa tawa. Da idon nan nata da ba ya gani sosai ta dinga lalube tana cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, tana yi musu faɗa. "Ke ƙaya, ba ki da ido ne? Hannun alli ne wannan, ba na kalmen noma ba." Na gode Allah da al'ada ta ce in dubi bango, don hawaye ne ke zuba har cikin rigata.

Daga ranar gidan ya juya. Kwalayen sukari muka rabar. Matata ta koma yi mata tuwon hatsi da dussarsa, da wake, da zogale, da anzarta. Ƙoƙon jiƙo ya dawo fili, bisa randa, kowa ya gani. Majo yana zuwa safe da yamma da allura da wankin ciwo, yana auna ta, yana daidaita ƙwaya. Ban san wanne ya fi wani aiki ba a cikinsu, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na sani ba. Na dai san a kwana na goma ya fito daga ɗakinta ya ce kumburin ya tsaya, ba sai an je Maradi ba. Yatsun nan biyu kam ba su dawo ba, a likitar Tasawa aka cire su. Da ciwon ya kama hanyar warkewa ta fara zagaya tsakar gida da sanda, sannan ta karɓe tsintsiya daga hannun matata, ban hana ta ba. Ruwan farko na damina na sauka ta ce wa kaza gonarta na kiranta. Na kai ta da kaina.

Ta yi shekara goma sha huɗu bayan haka. Ta ga 'ya'yana, su kam tana kiran sunansu har da yi musu waƙa. Ƙwayarta ba ta yanke ba, ƙoƙonta ma haka, kuma duk shekara ni nake zuwa Korgom in yi rarrafena. Tana tafiya da ɗan ɗingishi, kuma ba mu taɓa tayar da maganar takalmi ba, ko ta bakin akuya.

Ranar da ta rasu, muna zaman makoki a ƙauye, tsofaffin mata suka shigo yi mini gaisuwa. Ɗaya ta ce, "Allah ya jiƙanta. Kai kuma Allah ya yi maka albarka, Mushe. Ba mu manta ba shekarar fari, da ƙayar aduwa ta soke ta a daji ciwon ya ɓoye a ƙahwa. Kullum tana hwaɗi, da ba don ka zo ka ɗauke ta da wuri ba, da ƙahwar duka ta tahi." Sauran suka ce ƙwarai, haka take faɗi. Na buɗe baki na ce, "Ƙayar aduwa?" Sai Iya ta taka mini ƙafa. Da suka fita ta ce, "Yi shiru. Tun ranar da ta sauka daga amalanke haka ta gaya ma gari. Ni kaɗai ta ba gaskiya, ta ce in na ambaci takalmi ba ta yahe min ba. Ta ce mutumen Tasawa gaban ɗiyan mutane yake tsayawa, bai kamata a ji ba."

Yau ni ma ina da ciwon sukarin. Ina shan ƙwayata yadda likita ya ce, ina tafiyata da safe, kuma da saninsa akwai ɗan ƙoƙo bisa randata. In 'ya'yana suka kawo mini abin da ba zai yi mini ba, a fuska nake gaya musu, ba na aiken akuya. Na dai koyi cewa wani alherin da muke yi wa iyaye, kanmu muke yi wa, don idon mutane, su kuma su haɗiye don kada su ba mu kunya. Wanda nasa ke raye, ya tambaye su abin da suke so kafin ya sayo, in kuma ba masu faɗa ba ne, ya kasa kunne ga abin da suke gaya wa kaza.

Da na gama, jikata ta ce, "To Kaka, aduwar tana magani ko ba ta yi?" Na ce wannan aikinku ne, ku je ku auna ku gaya mana. Abin da na sani shi ne, itacen nan ya ɗauki laifin da ba nasa ba shekara da shekaru, ni kuma ina ta karɓar albarkar da ban yi aikinta ba. Har gobe in ka je ƙauyenmu ka tambayi abin da ya ci yatsun mahaifiyata, za a ce maka ƙayar aduwa ce. Iya ta riƙe alkawarinta har ta koma ga Allah, ni kuwa ba a sa ni rantsuwa ba. Ba ƙaya ba ce, jama'a. Takalmin da na saya mata ne.